Dillalin Da Ba Ya Faɗin La'adarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ke gudana a ƙasa mai nisa da mu, amma hotunansa suna yawo a wayoyin 'ya'yanmu dare da rana. Kwanakin baya ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar, sai ɗan ƙanena, wanda yake cikin masu sintiri a unguwarsu, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, dubi wannan rigar sulke, Baturen nan ya ce duk duniya babu kamarta." Na sa tabarau na duba, na ga wani ƙaton mutum mai gemu a filin harbi, ya sanya wa gunkin roba rigar, ya ja da baya ya ɗirka mata harsashi, sannan ya zo ya zaro harsashin a lanƙwashe yana nuna wa masu kallo yana murmushi. Na tambayi yaron, "To, ita rigar da aka harba, wa ya biya kuɗinta?" Ya yi shiru, don tambayar ba ta taɓa zuwa masa ba.

Abin da ya kawo mini wannan tambaya a baki shi ne, na yi shekaru ina aiki a jihar Texas ta Amurka kafin in dawo gida, kuma ko da yake ban taɓa mallakar bindiga a can ba, na zauna da mutanen da hirarsu ta lokacin cin abinci ba ta wuce farauta da kayan harbi. Akwai wani abokin aikina, dattijo mai kirki, da ya taɓa ɗaukata zuwa shagon kayan farauta wata ranar Asabar. Muna tsaye sai ga wani saurayi ya shigo, ko kallon kayan da aka jera cikin gilashi bai yi ba, ya doshi mai shago ya ɗora wayarsa a kan kanta, ya nuna masa hoton wani madubin saiti, irin wanda ake ɗaurawa a bayan bindiga, ya ce shi yake so. Mai shagon ya ce wannan ya ƙare, amma ga wani da ya fi shi ƙarko kuma bai kai shi tsada ba. Saurayin ya girgiza kai, ya ambaci sunan mutumin da ya gani a YouTube yana yabon na farkon, ya ɗauki wayarsa ya kama hanya. Mai shagon, wanda ya yi furfura a wannan sana'a, ya dube mu ya yi dariyar takaici. Mutumin da saurayin bai taɓa haɗuwa da shi ba ya fi ƙarfin magana a wurinsa a kan wanda ke tsaye gabansa riƙe da kayan a hannu.

Kasuwar da ake wannan ciniki a cikinta ba ƙarama ba ce. Cibiyar Small Arms Survey da ke ƙasar Suwizalan ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa fararen hula a Amurka suna riƙe da bindigogi kusan miliyan 393, wato bindigogin sun fi mutanen ƙasar yawa. Duk wanda ya san harkar kuwa zai gaya maka cewa ita bindigar sau ɗaya ake sayenta, abin da ke tatsar aljihu kullum shi ne tarkacen da ke biye da ita, daga kube da madubin saiti da fitilar da ake maƙalawa, zuwa ƙwanson harsasai da akwatin ajiya mai makulli da abin toshe kunne da rigar sulke. A kan waɗannan kaya ne dubban kamfanoni suke kokawa, kuma alƙalan wannan kokawa su ne masu gwajin kaya, waɗanda suke rubutu a mujallu ko suke ɗaukar bidiyo.

Ba haka kawai suka samu wannan ƙarfi ba. Mai sayen takalmi yana sawa ya taka, mai sayen mota yana hawa ya zagaya, amma mai sayen madubin saiti ba zai san ko saitin zai goce bayan harbi ɗari biyar ba sai ya riga ya biya, kuma galibin shaguna ba sa karɓar bindigar da ta fita ta dawo. Cinikin biri a sama ne, dole mutum ya jingina da wanda ya ce ya hau ya gani. A Ingila, tun 1813 majalisa ta kafa gidan gwajin bindiga a Birmingham, kuma har yau laifi ne a sayar da bindigar da ba ta ɗauke da tambarin gwaji. Amurka ba ta da irin wannan tsari. Hukumar da aka kafa a 1972 don kare masu sayen kaya daga haɗari tana da ikon tilasta wa kamfani ya janye gadon jarirai ko tukunyar lantarki daga kasuwa, amma majalisar dokoki ta cire bindiga da harsashi daga huruminta, ta kuma sake jaddada hakan a 1976. Abin dariya a nan shi ne bindigar wasan yara tana ƙarƙashin ikon hukumar, ta gaske kuwa ba ruwanta da ita. Ƙa'idojin da ake bi na ƙungiyar masu ƙera makaman ne da kansu, wato SAAMI, wadda aka kafa a 1926, kuma binsu ganin dama ne. Inda hukuma ta janye jiki, sai mai gwaji ya zama shi ne sufeto, shi ne shaida. Sannan ga wani dalili na kusa-kusan nan: Google da Facebook ba sa karɓar tallar bindiga da harsashi, kuma a 2018 YouTube ya hana bidiyon da ke kai mai kallo kai tsaye wurin sayen bindiga. Da aka rufe wa kamfanoni ƙofar talla ta gaba, sai suka zagaya ta baya, suka shiga ta bakin mutumin da jama'a suka riga suka amince da shi.

Wannan tasiri ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Jack O'Connor, wanda ya shafe fiye da shekara talatin yana rubutu a mujallar Outdoor Life, ya ɗauki wani nau'in harsashi da ake kira .270 Winchester, wanda ya fito kasuwa a 1925, ya yi ta yabonsa shekara da shekaru har sunansa da na harsashin suka zama ɗaya a bakin maharban Amurka. Mutane sun yarda da shi ne saboda ya hau duwatsu ya yi farautar ragunan daji da wannan harsashi da hannunsa, kuma abin da ya faɗa ya tabbata ga waɗanda suka bi shi. Wannan ita ce amanar da na baya suka gada, kuma ita ce ake sayarwa yau.

Yadda ake sayar da ita yana da wayo, domin ba kasafai ake kiran mutum a ce masa ga kuɗi ka yi ƙarya ba. Ana aiko masa da kaya ne da sunan gwaji, in ya gama a bar masa ko a sayar masa da rangwame mai yawa. Ana biya masa jirgi da masauki zuwa wurin ƙaddamar da sabon kaya, a ba shi harsasai ya harba har ya gaji. Ana ba shi wata lamba da masu kallonsa za su yi amfani da ita wajen saye su sami sauƙin farashi, shi kuma ya sami kamasho a kan kowane ciniki. A ganina mafi ƙarfi a cikinsu duka shi ne wanda babu kuɗi a cikinsa ko sisi, wato a ba ka kaya kafin kowa ya gani. Kowace Janairu ana babban baje kolin masana'antar a Las Vegas, wanda ake kira SHOT Show, ba a kuma barin kowa da kowa ya shiga sai 'yan kasuwa da 'yan jarida, kuma wanda ya riga kowa fitar da labarin sabon kaya shi ke kwashe masu kallo. In ka soki kamfani bana, ba wanda zai yi maka faɗa, baɗi ne kawai za ka ji wayarka shiru, ka ga abokan sana'arka suna nuna abin da ba a aiko maka ba. Hausawa sun riga sun gama magana a kan wannan da suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wanda yake ganin na yi zafi, ya tuna abin da ya sami Dick Metcalf. Tsohon marubuci ne a mujallar Guns & Ammo, ya yi shekaru masu yawa ana jin maganarsa, amma a ƙarshen 2013 ya rubuta a shafinsa cewa kowane 'yanci yana da iyaka, har da 'yancin riƙe bindiga. Cikin 'yan kwanaki aka sallame shi, editan ya nemi gafarar masu karatu shi ma ya sauka. Daga baya Metcalf ya shaida wa jaridar New York Times cewa an gaya masa manyan kamfanonin bindiga biyu sun ce ba za su ƙara hulɗa da masu mujallar ba muddin yana nan. Kafin shi akwai Jim Zumbo, shahararren marubucin farauta na Outdoor Life, wanda a Fabrairun 2007 ya rubuta cewa bindigogi masu kama da na soja ba su dace da farauta ba, har ya danganta su da 'yan ta'adda. Masu karatu suka yi masa ca, kamfanin Remington da ke ɗaukar nauyinsa ya yanke hulɗa da shi, aikinsa a mujallar ya ƙare cikin mako guda. Ba ina shiga muhawarar Amurkawa a kan dokar bindiga ba ne, tasu ce, su ta shafa. Abin da nake so a lura shi ne, mai gwajin kaya bawan iyayengiji biyu ne, yana tsoron kamfanin da ke ba shi kaya, yana kuma tsoron masu kallon da suka riga suka sayi kayan, waɗanda ba sa son a ce musu sun yi asarar kuɗinsu. Duk sauran marubuta sun ga abin da ya sami waɗannan biyu, kuma ba sai an yi musu bayani ba.

Misalin da ya fi fito da illar wannan a fili shi ne na ƙaramar bindigar Remington mai suna R51. Remington ba ƙaramin gida ba ne, tun 1816 ya fara ƙera bindiga. A ƙarshen 2013 ya gayyaci zaɓaɓɓun marubuta zuwa makarantar harbi ta Gunsite da ke jihar Arizona, aka ba su samfuran farko suka harba, suka koma gida suka yi ta zuba yabo, aka buga hotonta a bangon mujallu, jama'a suka ƙagu ta fito. Da ta shiga shaguna a 2014, sai waɗanda suka saya da kuɗinsu suka fara kuka: tana cijewa, harsashi ba ya hawa daidai, wasu ma jan bayanta kawai aiki ne. Masu gwaji masu zaman kansu suka ɗauki bidiyon wannan gazawa suka watsa, kuma kafin ƙarshen watan Yuli na wannan shekara kamfanin ya amsa cewa akwai matsala, ya ce ta samo asali ne wajen komawa daga ƙirar samfuri zuwa ƙira mai yawa, ya nemi mutane su dawo da ita a musanya musu. Sai a 2016 aka sake fito da ita, amma sunanta ya riga ya ɓaci. Ina kyautata zaton yawancin marubutan nan ba ƙarya suka shirga ba, abin da aka miƙa musu a Arizona ya yi aiki, suka faɗi abin da suka gani. Laifinsu shi ne ba su gaya wa mai karatu cewa kamfani ne ya zaɓi bindigar, ya zaɓi filin, ya zaɓi harsashin, ga kuma injiniyoyinsa a tsaye a gefe ba. Buhun da mai hatsi ya buɗe maka da hannunsa ba shi ne shaidar abin da ke cikin rumbu ba.

Adalci ya sa in kawo inda masu gwajin suka yi abin a yaba. A Janairun 2017 rundunar sojan Amurka ta zaɓi ƙaramar bindigar kamfanin SIG Sauer, wadda aka gina a kan samfurin P320, don ta maye gurbin Beretta da sojoji suke riƙe da ita tun 1985, a kwangilar da za ta iya kaiwa dala miliyan 580. Wannan zaɓi kaɗai ya isa talla, fararen hula suka ruga saye. A watan Agusta na wannan shekara sai wani shagon sayar da makamai a Texas mai suna Omaha Outdoors ya fitar da bidiyon gwajin da ya yi, inda ya nuna cewa idan samfurin da ake sayar wa fararen hula ya faɗi ƙasa ta wata fuska, yana iya tashi ba tare da kowa ya taɓa kunamarsa ba. Shagon ya dakatar da sayar da ita, wato ya toshe wa kansa hanyar ciniki. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya sanar da shirin gyara kyauta ga duk mai so, ko da yake ya tsaya a kan cewa bindigarsa ta cika ƙa'idojin masana'antar, kuma bai kira abin janyewa daga kasuwa ba. Babu hukumar da ke da ikon sa shi ya yi wannan gyara, bidiyo ne na 'yan mintoci ya sa shi. Abin da ya ba wannan gwaji nauyi kuwa a bayyane yake: waɗanda suka yi shi sun yi ne a kan kayan da ke cikin shagonsu, irin wanda kowa ke saye, kuma sun faɗi abin da zai rage musu riba.

Sai dai ko mai gaskiya yana da iyakar abin da idonsa zai gani, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna. Na'urar saiti ta EOTech ta yi shekaru tana shan yabo, sojoji na musamman suna amfani da ita, fararen hula suna saye saboda sun ga sojoji da ita. A Nuwamban 2015 kamfanin L-3 Communications, mai wannan na'ura a lokacin, ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25.6 don sasanta ƙarar da ke cewa ya daɗe da sanin saitin yana gocewa a tsananin zafi ko tsananin sanyi, kuma danshi yana rage hasken alamar, amma ya yi shiru. Mutumin da ya gwada na'urar da hantsi a rana mai daɗi, ya harba sau ɗari biyu ya koma gida, ba ta yadda zai gano wannan, komai tsoron Allahnsa. Haka nan labarin rigunan sulke da aka saƙa da zaren Zylon na kamfanin Toyobo na Japan. Riguna ne marasa nauyi, 'yan sanda suka so su, aka yi ta yabonsu, kuma sabuwarsu tana tare harsashi yadda aka ce. Ashe zafi da danshi suna cin ƙarfin zaren a hankali. A watan Yunin 2003 harsashi ya ratsa irin wannan riga a jikin wani ɗan sanda a jihar Pennsylvania ya ji masa mummunan rauni, rigar kuwa ba ta tsufa ba. Kamfanin Second Chance da ya ɗinka ta ya karye a 2004, kuma a 2018 Toyobo ya biya dala miliyan 66 don sasanta ƙarar gwamnati. Da za a ɗauki bidiyon wannan riga ranar da ta fito daga leda, da ta yi kyau kamar wadda ɗan ƙanena ya nuna mini.

Gwamnatin Amurka ta yi ƙoƙarin toshe ɓaraka ta fuskar kasuwanci. Hukumar kula da ciniki ta tarayya, FTC, ta sabunta ƙa'idojinta a 2009 ta ce duk wanda ya karɓi kuɗi ko kaya kyauta daga kamfani, sannan ya yabi kayan a bainar jama'a, wajibi ne ya bayyana wannan alaƙa, kuma a 2024 ta fitar da doka da ta haramta ƙirƙira ko sayen yabon bogi, da tarar da ta haura dala 50,000 a kan kowane laifi. Doka ce mai kyau, amma a aikace bayanin yakan zo ne da ƙananan haruffa a can ƙasa, ko a furta shi da sauri cikin daƙiƙa biyu, kamar mai karanta sharuɗɗan maganin tari a rediyo.

Malam Edita, duk wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe in an cire masa rigar Turanci. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maharbi ne, kuma ina yaro na ga yadda ya sayi harbi-ka-ruga. Bai fara zuwa wurin maƙeri ba, sai da ya je wurin wani tsohon maharbi da ya riƙe bindigar wannan maƙeri damina uku, ya karɓe ta ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya tambaye shi ko ta taɓa ba shi kunya. Da aka ƙera tasa kuma, ba a kafaɗarsa aka fara tayar da ita ba. An ɗaure ta ne a jikin kututturen itace a bayan gari, aka ɗaura doguwar igiya a kunamar, kowa ya laɓe bayan ganuwa, aka ja. Da hayaƙi ya lafa maƙerin da kansa ya fara isa wurin, ya shafa ta daga baki har gindi yana neman tsaga, sannan aka yi maganar kuɗi. Shi wannan maƙeri a garin yake kwana, a masallacinmu yake salla, in bindigarsa ta fashe a hannun wani ba shi da wurin ɓuya, shi ma tsohon maharbin da ya ba da shaida haka. Mun kuma san dillali a kara, mun san yana da la'ada, shi ya sa in ya rantse cewa saniyar nan ba ta taɓa ciwo ba, mai saye yakan yi murmushi ya buɗe bakinta ya duba haƙora. Dillanci sana'a ce ta halal, ba wanda ya ce a daina. Wanda nake ƙorafi a kansa shi ne dillalin da ya zo maka a matsayin aboki, yana yi maka hira daga ɗakin ajiyar kayansa, yana nuna maka karensa da 'ya'yansa har ka ji kamar kun shekara goma tare, la'adarsa kuwa tana shiga aljihunsa ta inda ba ka gani.

Ba ina kiran kowa ya nemi makami ba ne, Allah ya kiyaye. Dokar bindiga ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun 1959, a bayyane take: manyan makamai sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta ta zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kanta harbi-ka-ruga akwai izinin da ake nema wurin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Hatta rigar sulke da hular kwano ba a shigo da su ƙasar nan sai da takardar amincewa daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Amma maganar ta shafe mu ta wata hanya. Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawanta a farkon 2024, kuma irin waɗannan matasa ana saya musu kayan kariya da kuɗin jama'a, wasu ƙungiyoyin sintiri kuma suna haɗa karo-karo. Ba na zargin kowa da komai. Ina dai roƙon duk wanda aka ɗora wa alhakin irin wannan sayayya, idan ɗan kwangila ya zo masa da bidiyo a waya, ya ce masa ya ajiye wayar ya kawo takarda. A Amurka akwai cibiyar bincike ta ma'aikatar shari'a, NIJ, wadda take gindaya matakan ƙarfin sulke, take kuma wallafa jerin rigunan da suka ci gwaji a ɗakunan binciken da aka amince da su, kowa yana iya dubawa kyauta. A tambayi matakin rigar, a duba ranar da aka ƙera ta, domin yawancin kamfanoni shekara biyar suke ba da lamuni a kan sulke mai laushi, kuma a tuna cewa zafinmu na bazara da gumin mai sintiri a kan babur ba irin yanayin da aka ɗauki bidiyon ba ne. Ku ma 'yan jarida, idan kamfani ya biya aka yabi kayansa a shafinku, ko waya ce ko taki ko magani, ina roƙon a rubuta "talla" a samansa da haruffan da tsoho irina zai gani ba sai ya nemi tabarau ba.

Da na gama yi wa ɗan ƙanena wannan dogon bayani, sai na ce ya mayar da bidiyon farko mu sake kallo a tsanake. A nan muka lura cewa da ƙaramar bindiga mutumin ya harbi rigar, kuma riga ce mai laushi, irin wadda aka yi don tare harsashin ƙaramar bindiga kaɗai. Irin wannan ba ta tare harsashin AK-47, wanda shi ne abin da mutanenmu suke fuskanta a daji, sai an sa mata faranti mai tauri a ƙirji da baya. Mai gemun bai ce tana tarewa ba, bai kuma ce ba ta tarewa ba, ya dai tsallake wurin. Muka gangara ƙasan bidiyon, muka danna inda aka ɓoye sauran rubutu, sai ga sunan kamfanin rigar a matsayin mai ɗaukar nauyi, ga kuma lambar rangwame ɗauke da sunan mai gemun. Yaron ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Baba, rubuta mini sunan cibiyar nan a takarda in kai wa shugabanmu, don jibi za a zauna a kan maganar karo-karon." Na yago takarda daga littafin lissafina na rubuta masa.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarku a kullum,
daga Funtuwa, Jihar Katsina.